Kwana goma a Maleshiya da iyali: ina za a je, me za a bari?

Tambaya: Ni da maiɗakina da yaranmu biyu muna shirin zuwa Maleshiya hutun kwana goma a watan Disamba, daga Kano za mu tashi. Ba mu taɓa zuwa wannan ɓangare na duniya ba. Waɗanne wurare ne suka cancanci a gani, kuma me ya kamata mu kiyaye?

Amsa: Malam, Allah ya kai ku lafiya. Kafin a zo kan wuraren gani, watan da ka ambata ya riga ya yanke maka rabin shawara. Maleshiya kashi biyu ce. Akwai zirin ƙasar da ke manne da Tailan, inda Kuala Lumpur take, akwai kuma jihohin Sabah da Sarawak a tsibirin Borneo, teku ne a tsakaninsu, tafiyar wajen awa biyu a jirgin sama. Shi kansa zirin gaɓa biyu gare shi, kuma damunarsu ba ɗaya ba ce. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska mai ɗauke da ruwa takan taso daga arewa maso gabas ta bugi gaɓar gabas, wato Kelantan da Terengganu da Pahang. Teku ya yi ta hauka, kwale-kwale su daina fita, akasarin masaukan tsibiran Perhentian da Redang da Tioman su rufe. Hotunan farin yashi da ruwa garai-garai da ake gani a intanet, da yawansu na can ne, amma a Disamba ba wurin zuwa ba ne. Gaɓar yamma kuwa tsaunukan tsakiyar ƙasar sun kare ta, kuma a wannan watan ne tsibirin Langkawi ke shiga lokacinsa mafi kyau. Saboda haka ku tsaya a yamma.

Sai lissafin kwanaki. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya, dole a ya da zango a Doha ko Istanbul ko Dubai ko Addis Ababa, kuma daga Doha kaɗai zuwa Kuala Lumpur awa bakwai da rabi ne. Agogonsu ya riga namu da awa bakwai: ƙarfe 12 na rana a Kano ƙarfe 7 na yamma ne a can. Ranar isa ta gajiya ce, ranar dawowa ta haɗa kaya ce, kwana takwas ke nan ya rage a hannu. Kuskuren da masu zuwan fari suka fi yi shi ne su jera gari shida ko bakwai, su ƙare hutun a tashar mota da filin jirgi, yara na kuka, uwa ta gaji. Taura biyu ba ta taunuwa. Masauki uku ya ishe ku: kwana huɗu a Kuala Lumpur, har da daren isa da daren ƙarshe, biyu a tsibirin Penang, uku a Langkawi. Borneo, da dutsen Kinabalu mai tsayin mita 4,095 da birran orangutan na Sepilok, tafiya ce mai zaman kanta, a bar ta sai wani karo.

Takardu su ne farkon abin da za a gama. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza kafin ya tashi, ofishin jakadancin Maleshiya yana Abuja, kuma a fara nema da wuri, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Fasfon kowa, har na yara, ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin zazzaɓin shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga ƙasashenmu, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ana saura kwana uku tafiya kamar bai yi ba ne. Akwai kuma katin shiga da ake cikewa ta intanet, MDAC, cikin kwana uku kafin isa. Kyauta ne a shafin hukumar shige da ficen ƙasar, duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ba nasu ba ne. Kowane mutum da nasa ake cikewa. A buga takardar kama ɗakin otal da tikitin dawowa a riƙe a hannu, domin jami'in shige da fice yana iya tambaya, kuma yakan tsananta tambaya ga masu fasfon Afirka ta Yamma. A amsa a natse, a nuna takarda, shi ke nan.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kada ka karɓi saƙon kowa. Ko jaka ce, ko ƙunshin yaji, ko "ɗan magani ka kai wa ɗana da ke karatu a can". Safarar miyagun ƙwayoyi a Maleshiya laifi ne da hukuncinsa ke iya kaiwa ga kisa. A 2023 an cire tilascin yanke wannan hukunci, amma alƙali yana da ikon yanke shi har yanzu. Magunguna irin su tramadol da kodin suna ƙarƙashin doka mai tsauri, wanda ke shan wani magani kullum ya tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Kilishi da dambun nama ma a bar su a gida, shigar da nama sai da izini.

Naira ba ta canzuwa a can. A tafi da dala, sababbin takardu na ɗari-ɗari, sun fi samun farashi mai kyau. A canza kaɗan a filin jirgi, sauran a bari sai an shiga gari, inda 'yan canji na cikin manyan kantuna suka fi sauƙi. Kuɗinsu ringgit ne. Ka tambayi bankinka tun a gida ko katinka zai yi aiki a waje da kuma iyakar abin da zai fitar, kada ka dogara da shi kaɗai. Otal-otal suna karɓar harajin yawon buɗe ido na ringgit 10 a kowane ɗaki kowane dare daga baƙi 'yan waje, wasu kuma su nemi kuɗin ajiya da za su mayar ranar fita. Soket ɗin wutarsu mai ƙafa uku ne irin namu, cajar wayarka za ta shiga ba tare da wani ƙari ba.

Filin jirgin saman Kuala Lumpur, KLIA, yana da nisa da gari, kusan tafiyar awa guda a mota. Jirgin ƙasa na KLIA Ekspres yana kai mutum tashar KL Sentral cikin minti 28, amma ga mutum huɗu da akwatuna mota ɗaya ta fi araha kuma ta kai ku ƙofar otal. A sayi layin waya a filin jirgin, da fasfo ake yin rajista, a sauke manhajar Grab ta kiran motar haya, a nemi mota mai kujera shida saboda kaya. A wannan hanyar, hagu da dama, za ku ga gonakin kwakwar manja sahu-sahu har iyakar ganin ido. Asalin itacen nan na Afirka ta Yamma ne. An fara nomansa don kasuwa a can a 1917, a jihar Selangor, yau kuma Maleshiya ce ta biyu a duniya wajen samar da manja, bayan Indunusiya. Abin a nuna wa yara ne, kuma abin a yi tunani a kai.

Yanayin Kuala Lumpur shi zai tsara muku yini. Zafin bai kai na Kano a watan Afrilu ba, yakan tsaya tsakanin maki 24 da 33, sai dai iskar a jiƙe take. Zufa ba ta bushewa, riga ta manne a jiki cikin minti goma. Wanda ya baro hunturu da ƙurar Disamba zai ji kamar ya shiga ɗakin da ake dafa ruwa. Da safe gari yakan waye tas, da la'asar hadari ya haɗu, a kece da ruwa da tsawa na awa ɗaya ko biyu, sannan a ɗauke. Don haka duk abin da ake gani a fili a yi shi daga ƙarfe 8 zuwa 12, bayan azahar a shiga gidan tarihi ko kanti ko a koma a huta, da magariba a sake fita. Idan ruwa ya sauko hanyoyi sukan cushe, kuɗin Grab ya ninka, a lokacin jirgin ƙasa na cikin gari ya fi. Katin Touch 'n Go guda ga kowane mutum yana biyan jirage da bas, kuma a jiragen KTM Komuter da MRT akwai tarago na mata zalla, an yi masa alama da ruwan hoda. A ɗauki tufafin auduga marasa nauyi, da laima ƙarama, da takalmin da ba ya santsi. Shadda mai sitaci da babbar riga a ajiye su don Juma'a.

Batun salla zai ba ku mamaki ta fuska uku. Na farko, alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Bahaushen da ya saba cewa "fuskanci gabas" sai ya juya tunaninsa. A rufin kusan kowane ɗakin otal akwai ɗan kibiya da aka rubuta "Kiblat", ita za a bi. Na biyu, lokutan sun yi baya bisa agogo, domin tun 1982 aka daidaita agogon zirin da na Borneo da ke can gabas. A Disamba asuba tana shiga wajen ƙarfe 6 saura, azahar ɗaya da 'yan mintuna, la'asar wajen huɗu da rabi, magariba bakwai da kaɗan, isha'i bayan takwas. Na uku, mazhabar Shafi'i suke bi: liman yana bayyana bisimilla, kuma a asuba ana yin ƙunutu bayan an ɗago daga ruku'u, a bayyane, hannuwa a ɗage, mamu na cewa amin. Ka bi liman kawai. Wurin salla kuwa ba ya wahala. Kalmar da za ka nema ita ce "surau", akwai shi a kowane babban kanti da tashar jirgi da gidan mai da wurin hutawa na babbar hanya, da wurin alwala, da ɓangaren mata inda ake rataye fararen hijaban salla da suke kira telekung don duk mai buƙata. Sunayen ranaku ma ba za su yi maka baƙunci ba: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad.

A cikin birnin, yini guda a ba wa tsohon gari. A fara da Masjid Jamek, wanda aka buɗe a 1909 daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu. Daga nan sunan garin ya fito, Kuala Lumpur na nufin mahaɗar ruwa mai taɓo. Tafiyar minti kaɗan a ƙafa sai Dataran Merdeka, filin da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Malaya, sunan zirin ƙasar a lokacin, a daren 31 ga Agusta 1957, ga ginin Sultan Abdul Samad na 1897 yana fuskantarsa da ƙubbobinsa na jan ƙarfe. Daga nan a hau mota zuwa Masjid Negara, babban masallacin ƙasa na 1965, mai rufi kamar buɗaɗɗiyar laima da hasumiya mai mita 73. A yi azahar a nan, sannan a tsallaka zuwa gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke kusa da shi.

Wannan gidan, a ganina, shi ne wurin da ya fi cancantar lokacinku a duk birnin, kuma shi ne wanda baƙi suka fi tsallakewa. An buɗe shi a 1998. A bene na sama akwai ɗaki guda cike da ƙananan siffofin masallatan duniya, an ƙera su daki-daki, Harami da Masallacin Annabi da na Samarƙand da na Sin mai rufi kamar gidan sarautarsu, yaro zai iya zagaya kowanne ya leƙa farfajiyarsa. Akwai ɗakin Alƙur'anai rubutun hannu, daga manya masu ruwan zinare na daular Usmaniyya zuwa na yankin Malay masu ado ja da baƙi a shafin Fatiha. Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya ga zayyanar sauka zai daɗe a gaban gilasan nan yana kwatanta hannu da hannu. A ba shi awa biyu zuwa uku, a kuma ɗaga kai a dubi cikin ƙubbobin rufin. Akwai sanyi a ciki, daidai lokacin da ake ruwa a waje. Lambun tsuntsaye yana nan kusa a kan tudu, ga yara, amma shi na safe ne.

Tagwayen benayen Petronas kowa zai so ya gani. Tsayinsu mita 452, hawa 88, su ne mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004, kuma an zana tushensu bisa tauraro mai kusurwa takwas irin na adon gine-ginen Musulunci. Masu ziyara ana kai su gadar da ta haɗa benayen a hawa na 41, sannan hawa na 86. Tikitin na sa'a ne ƙayyadadde kuma yana ƙarewa, a saya ta intanet kwanaki kafin ranar, wanda ya je ƙofa da safe yana nema sau da yawa sai ya koma. Amma ga wata magana: wanda ke cikin benen ba ya ganin benen. In hoton birni kuke so da tagwayen a ciki, hasumiyar Menara KL mai mita 421 ta fi, tana kan tudu, kuma tana cikin wuraren da ake duban jinjirin watan azumi. Daga can za ku ga benen Merdeka 118, mai mita 679, na biyu a tsawo a duniya bayan Burj Khalifa. Lambun da ke gindin Petronas kyauta ne, da wurin wasan yara da ɗan tafkin da suke shiga, da masallaci a gefe, da dare kuma ana wasan ruwa da fitilu. A zo da kayan canji na yara.

Kogon Batu yana arewa da gari, jirgin KTM Komuter daga KL Sentral yana tsayawa a ƙofarsa. A sani tun farko cewa wurin bautar mabiya addinin Hindu ne, da gunki mai tsayin kusan mita 43 a bakin matakala. Wasu iyalai suna zuwa don kogon kansa, babban rami ne a cikin dutsen farar ƙasa da haske ke saukowa ta samansa, wasu kuma ba sa son zuwa, kowanne da hujjarsa. In za ku je, matakala 272 ce, a hau kafin ƙarfe 9. Birran wurin ba sa tsoron mutum: leda, kwalbar lemo, tabarau, duk suna fizgewa. Kada a ba yaro abinci a hannu, in biri ya kama abu a sakar masa, kuma in ya yi cizo ko yakushi a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar a tafi asibiti ranar. Putrajaya, inda ofisoshin gwamnati suke, rabin yini ya ishe ta: masallacin Putra mai ruwan hoda a bakin tafki, da ɗan yawo a jirgin ruwa da yamma.

Abinci. Fiye da rabin mutanen ƙasar Musulmi ne, amma akwai 'yan asalin Sin da Indiya masu yawa, don haka ba kowane gidan abinci ne halal ba. Abin dubawa shi ne tambarin halal na hukumar JAKIM a ƙofa ko kusa da wurin biyan kuɗi, ko kuma a ga masu wurin da masu cin Musulmi ne. Rubutun da ke cewa ba a sayar da naman alade ba shaidar halal ba ce, domin bai ce komai ba game da yankan kaza ko giyar da ake zubawa a miya. Titin Jalan Alor da ake yawan tallatawa, akasarin rumfunansa ba na Musulmi ba ne. Ku nufi Kampung Baru, unguwar Malay da ke tsakiyar birni, ko shagunan "mamak" na Musulmi 'yan asalin Indiya, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Da safe a nemi roti canai, gurasa ce mai laushi falle-falle da ake ci da romon wake, da teh tarik, shayin madara da ake zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, kamar yadda mai shayi ke yi a bakin tasha. Nasi lemak shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, da soyayyar gyaɗa, ƙananan busassun kifi, ƙwai, kokwamba da sambal, wato jajjagen barkono. Satay ɗan'uwan tsire ne, sai dai an jiƙa naman da kurkum da sukari, kuma maimakon ƙuli a jiki ana tsoma shi a miyar gyaɗa. Abin da zai fi ba harshenku mamaki ba yaji ba ne, zaƙi ne: suna sa sukari a miya da nama. Kalmomi biyu za su taimaka, "kurang manis" a rage zaƙi, "kurang pedas" a rage yaji. In akwai wanda gyaɗa ko jatan lande ke tayar wa da ƙaiƙayi ko kumburi, a kula ƙwarai, domin ana sa dakakken jatan lande mai suna belacan a miya da yawa ba tare da an gani ba. Durian kuwa, ɗan itacen nan mai ƙaya da ƙarfin wari, a ɗanɗana a rumfa, kada a kai shi otal, an hana kuma ana cin tara.

Melaka tana kudu, awa biyu a bas daga tashar TBS, ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya in an fita da sassafe. Daular Musulunci ce da ta riƙe mashigin ruwan da jiragen Sin da Indiya da Larabawa ke bi, kuma ta kai ƙarshen ƙarfinta a zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano. Turawan Fotugal suka ci ta a 1511, na Holan suka ƙwace a 1641, Ingilishi suka karɓa a 1824, kowa ya bar gininsa. Abin da zan ce kada ya wuce ku shi ne masallacin Kampung Kling na 1748: ba shi da ƙubba, rufinsa hawa uku ne kamar dala, hasumiyarsa kamar ta gidajen ibadar Sin, ga wurin alwala mai ginshiƙan ƙarfe. Da faɗuwar rana kuma a je Masjid Selat Melaka, wanda aka gina a kan ruwa. Ranakun Asabar da Lahadi garin yana cushewa, a je tsakiyar mako. In yaran ƙanana ne sosai, awa huɗu a bas a yini ɗaya ya yi musu yawa, a bar Melaka.

Zuwa Penang a hau jirgin ƙasa na ETS daga KL Sentral zuwa Butterworth, awa huɗu da ɗoriya, sannan a tsallaka zuwa George Town, babban birnin Penang, a jirgin ruwa cikin kusan minti goma sha biyar. Kujerun suna ƙarewa makonni kafin ƙarshen Disamba, domin su ma lokacin hutunsu ne, a saya tun daga gida. Na'urar sanyaya jirgin tana da ƙarfi, a fito wa yara da rigar sanyi. George Town, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tare da Melaka a 2008, da ƙafa ake ganinta, da safe. Masallacin Kapitan Keling 'yan kasuwa Musulmi daga kudancin Indiya suka kafa shi a farkon shekarun 1800. Kaɗan daga nan akwai titin Lebuh Acheh da masallacinsa na 1808. A zamanin da ake zuwa hajji ta ruwa, a wannan unguwa maniyyata daga Sumatra da kudancin Tailan da arewacin Malaya ke taruwa suna jiran jirgin Jidda, da masaukansu da dillalan tikiti da masu sayar da littattafai. Wanda kakanninsa suka bi ta Sudan a ƙafa zuwa Makka zai gane irin wannan zango. Abincin garin shi ne nasi kandar: shinkafa, a zaɓi kaza ko kifi ko nama, a kwarara miya kala uku ko huɗu a kai. A tambayi kuɗin kowane yanki kafin a zuba, musamman manyan jatan lande da kan kifi, nan ne lissafi ke tashi. Dutsen Penang ana hawansa da jirgin da igiya ke ja, a je da buɗewa, in rana ta ɗaga layin yakan kai awa ɗaya ko biyu.

Daga Penang zuwa Langkawi jirgin sama ne mafi tabbas, bai kai minti arba'in ba. Tikitin ƙananan kamfanoni yana da araha, amma kilo 7 na jakar hannu kawai ya ƙunsa. A sayi nauyin akwati tun lokacin sayen tikiti, a filin jirgi kuɗin ya ninka.

Langkawi tarin tsibirai 99 ne a jihar Kedah, kuma nan ne wurin hutawa na gaske, kada a cika shi da zirga-zirga. Bas ɗin haya kusan babu, sai Grab ko hayar mota, kuma a hagu suke tuƙi, wanda bai saba ba ya bar wa direba. Pantai Cenang ce bakin ruwan da ya fi cika, da shaguna da gidajen abinci, amma tun da aka cire wa tsibirin haraji a 1987 giya tana da araha a can, kuma da dare ana ganin alamarta. Iyali sun fi samun natsuwa a Pantai Tengah da ke maƙwabtaka, ko Tanjung Rhu a arewa. Safiya ɗaya a ba wa SkyCab, akwatunan gilashi da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe zuwa ƙololuwar dutsen Mat Cincang, sama da mita 700, inda gada mai lanƙwasa mai tsawon mita 125 ke rataye a kan kwazazzabo. Ana dakatar da shi in iska ta yi ƙarfi, kuma gajimare yakan rufe dutsen da rana, saboda haka a sa shi a safiyar farko, in bai yiwu ba akwai gobe. Safiya ta biyu a shiga kwale-kwale a Kilim, cikin dajin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar yatsu, tsakanin duwatsu masu tsayi, da kogon jemagu, da mikiyoyi masu jan baya da farin kai suna shawagi. A daidaita kuɗi da yawan awanni da wuraren tsayawa kafin a hau, kuma kowa ya sa rigar ceto, a tabbatar akwai daidai jikin yara. Juma'a ranar hutu ce a Kedah, ofisoshi a rufe suke, shaguna da yawa ma sai bayan an sauko daga masallaci.

Teku ba kogi ba ne, ba kuma kududdufi ba. Jan tuta a bakin ruwa na nufin kada a shiga. Yaro kada ya wuce inda ruwa ya kai masa gwiwa sai babba na riƙe da shi. Akwai wata halittar ruwa mai kama da farar leda, mai zaruruwa, da ke harbi. In ta taɓa mutum a kwarara ruwan binega a wurin, kada a murza, kada a zuba ruwan sha, domin yana ƙara fashe dafin, in kuwa numfashi ya fara wuya a kira 999 nan take. Mata suna shiga ruwa da cikakkiyar sutura a can, matan Malay haka suke yi, ba wanda zai kalli maiɗakinka.

Sauron da ake tsoro a biranen Maleshiya ba na maleriya ba ne, na zazzaɓin dengi ne, kuma da rana yake cizo, musamman da hantsi da yamma, gidan sauro na dare ba ya tare shi. A shafa maganin sauro a hannu da ƙafa kafin a fita. In zazzaɓi ya kama wani, a ba shi farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen, domin dengi yana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, waɗannan kuma suna ƙara zubarsa. A je asibiti, kuma a gaya wa likita a fili cewa daga Najeriya kuka zo, a gwada maleriya ma, domin mutum yana iya tahowa da ita a jikinsa ta tashi bayan mako guda, likitan birni kuma ba lallai ta zo masa a rai ba. Ruwan sha a sayi na kwalba ko a tafasa. Ɓarayin babur masu fizgar jaka suna nan a Kuala Lumpur, a rataya jaka ta ɓangaren da ba ya kallon titi. Fasfo ya kasance tare da kai, 'yan sanda suna iya tambaya, kuma a duba ranar da aka buga a hatimin shiga, domin wuce wa'adi ko da kwana ɗaya laifi ne. Ana cire takalmi a ƙofar gida da masallaci, ana miƙa abu da hannun dama, ana nuni da babban yatsa ba manuni ba, bayan musafaha kuma a kai hannu ƙirji. "Terima kasih" ita ce na gode.

Ranar dawowa, kada ka haɗa jirgin Langkawi da jirginku na gida a tsakanin awa biyu ko uku. Tikiti biyu ne daban, in na farko ya makara babu wanda zai biya ka na biyu. Kuma KLIA tasha biyu ce: ƙananan kamfanoni irin AirAsia suna sauka a ta biyu, manyan jiragen ƙasashen waje suna tashi daga ta ɗaya, sai an karɓi kaya an hau jirgin ƙasa na 'yan mintuna an sake awo. Ku dawo Kuala Lumpur ana gobe tafiya, ku kwana kusa da KL Sentral ko kusa da filin jirgin. Yammacin ranar ya ishe ku tsaraba: gyale da hijabai da yadin batik a titin Tuanku Abdul Rahman da Jalan Masjid India, inda ake ciniki a kuma rage, kayan hannu kuma a Central Market. A auna akwatuna a otal kafin a fita, a isa filin jirgi awa uku kafin tashi.